Hattara da mai sayar da jairon jirgin rimot a Yamai, jika 63 ya ci mini

Tun ranar Talata nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Jika 63. Sefa 63,000 wani yaro ya ci mini daga Yamai, ni da na shekara 11 a Tawa ina buɗe cikin wayoyin mutane ina gaya musu wannan batir jabu ne, wancan na asali ne.

Waɗanda suka san ni sun san ɗan jirgina mai saukar ungulu, T-Rex 450, da nake fita da shi bayan gari da la'asar sakaliya. Jaironsa ya mutu tun kafin azumi. Ga wanda bai san jairo ba: in babbar farfela tana juyawa gefe guda, gangar jirgin so take ta juya ɗaya gefen, ƙaramar farfelar wutsiya ce ke tare ta. Jairo ɗan akwati ne da bai kai gidan ashana ba, shi ke jin wutsiya ta fara kaucewa ya umarci serbo, ɗan injin da ke sarrafa farfelar wutsiya, ya gyara tun yatsanka bai motsa ba. In babu shi, jirgin katantanwa ne kawai.

To a Facebook na ga tallar. Futaba GY401, na Japan, an ɗan yi aiki da shi, jika 45. Kada wanda ya ce mini ban bincika ba. Na bincika. Na tambaye shi makunni nawa ne a jiki, ya ce biyu, na DS, wato na serbon dijital, da na juya alƙibla. Na ce maɗaurai fa, ƙananan kusoshin nan da ake murɗawa a saita shi, ya ce biyu, na iyakar tafiyar serbo da na jinkiri. Bai yi ko inda-inda ba. Ɓarawon banza ina zai san wannan? Har shi ya tuna mini cewa in serbona ba dijital ba ne kada in kunna DS, ƙonewa zai yi. Wanda ke son cutarka zai damu da serbonka ya ƙone?

Sai ya turo bidiyo, yana juya jairon a tafin hannu, hannun serbo yana amsawa tsaf. Sannan saƙon murya: "Babban yaya, ni ma ɗan Ader ne, iyayena suna Madawa. In ka ga ba daidai ba ka dawo mini da shi, Allah ne shaida." Wannan "babban yaya" ɗin. Na saurare shi ya fi sau 20 tun daga ranar, ina neman inda muryar ta yi rawa, babu. Har da dariya. Ina tsaye bakin shago, rasit a hannu, na tura jika 45, na ƙara jika 3 na mota. Alhamis ce, a'a Laraba, don ranar aka ɗauke wuta tun safe.

Da na buɗe cikinsa kuwa, amma wannan bayan faɗuwar ne, bari in koma baya. Saƙon ya iso tasha cikin kwalin sabulu. Na manna shi da soson gam mai fuska biyu, na haɗa batir, na bar jirgin bai motsa ba na daƙiƙa 3 kamar yadda ake yi don ya gane tsakiyarsa. Na kama kan jirgin na juya da hannu, serbo ya tura gefen da ya dace. Amma ga abin da na gani da idona na yi masa uzuri: jairo mai riƙe alƙibla, wanda Futaba ke kira AVCS, in jirgi na ƙasa ka tura sandar wutsiya ka saki, serbo ba ya komawa tsakiya, nan yake tsayawa yana jiran jirgin ya juyo. Wannan kuwa komawa yake yi ɗaf, duk yadda na murɗa makunnin rimot. Wato irin tsohon nan ne mai rage gudun juyawa kawai, iska ta ture shi ya bi ta.

Na kira shi. Ya ɗauka fa! Ya ce, "Yaya, serbonka ne ba ya da sauri, akwai S9254 a hannuna, abokin tafiyarsa ke nan, kawo jika 15." Na san GY401 na aiki da serbo na gargajiya in DS a kashe yake. Na sani. Na tura jika 15. Wannan ita ke hana ni barci, ba 45 ɗin ba. 45 da 3 da 15, jika 63.

Kwana 6 ina zuwa tasha babu serbo. Haƙuri ya ƙare, na fita da jirgin a haka. Ya tashi kamar tsayin mutum, wutsiya na zamewa a hankali ina tarowa, na ƙara masa ƙarfin ji ya hau kaɗa wutsiya kamar kare, sai wata iska ta zo daga gefe, kansa ya juyo ya fuskance ni, hagu ta zama dama. Fukafukai biyu sun tarwatse, ƙarfen tsakiya ya lanƙwashe, bututun wutsiya ya lotsa. Yaran da ke kiwo suka taya ni tsintar gutsattsari cikin rairayi.

Daren nan na kwance murfin. Na asali na'urar jinsa ta silikon ce, zafi bai cika ruɗa ta ba. Abin da na tarar wani ɗan faranti ne mai arha irin na piyezo, wanda ke zamewa in yanayi ya sauya, balle a zafin Tawa, an danne shi da narkakken gam. Maɗauran nan biyu da ya lissafa mini ba sa haɗe da komai, ko ɗigon dalma babu a bayansu, na sa mita na gwada. Na koma bidiyon: na cikin bidiyo yana da ƙarzuwa a kusurwar takardarsa, nawa sumul. Ashe guda ɗaya na gaske yake nuna wa kowa.

Lambarsa a kashe take tun Lahadi, ko Asabar da dare. Ya toshe ni a WhatsApp, tallar ta ɓace. Uwargida ta ce, "Maigida, jika 63 a kan abin wasan yara?" Ban ce komai ba, buhun gero na tuna.

Hotunan hirarmu, rasit uku, saƙon muryar da hoton cikin jairon duk suna nan, zan sa su da zarar na kai ƙara komisariya, an ce kada in fitar da lambar tukuna. Kada ku tura ko dala sai naku a Yamai ya riƙe kayan a hannu, ya gwada serbo ya ga ya tsaya. In wani ya saya a wurinsa ya neme ni ta saƙo.

Jiya ma na bi ta tasha. Yaron da ke rabon saƙo tun daga nesa ya girgiza mini kai.