Karisal ko Kongu: wanne za a fara karantawa?

Malama, kin tambayi bambancin adabin Karisal da na Kongu, tunda duka labarin manoman jihar Tamil Nadu ne a kudancin Indiya, da kuma wanda ya kamata ki fara da shi.

Karisal yankin baƙar laka ne da ke kewayen garin Kovilpatti. Noman damina suke yi, auduga da gero da dawa, in ruwan sama ya ƙi shekara ta tafi ke nan. Jigon marubutansu shi ne Ki. Rajanarayanan, manomi ɗan ƙauyen Idaiseval, wanda ya rasu a 2021. A littafinsa Gopalla Gramam na 1976 ya ba da labarin iyalai masu jin Telugu da suka yi ƙaura suka sare daji suka kafa gari. Garin gaba ɗaya shi ne tauraron labarin. Salonsa na hirar dandali ne: tsohuwa tana tuno yadda aka zo, dattawa sun zauna yanke wa ɓarawo hukunci, ana tafe ana ratse. Da bakin mutanen ƙauye ya rubuta, har ƙamus ya haɗa wa karin harshensu.

Kongu kuwa yana yamma, wajen Erode da Namakkal: ƙasar rijiya da giginya da kiwon awaki, gidaje warwatse cikin gonaki. A nan marubuci Perumal Murugan cikin gida yake shiga da ke. Littafinsa Madhorubagan na 2010 labarin Kali da Ponna ne, miji da mata masu ƙaunar juna da ba su samu haihuwa ba. Gori a wurin biki, gori a bakin hanya, dangi kuma sun zuba wa gonarsu ido saboda gado. A littafinsa Koolamadari ma bai rufa wa masu gona asiri ba: yaran Dalit, wato mutanen da ake ƙasƙantarwa saboda asalinsu, su ne ke yi musu kiwo don biyan bashin iyayensu.

Ni dai na ce ki fara da Rajanarayanan, ki san garin tukuna. Amma na Murugan ya fi tsaya mini a rai, don ya faɗi abin da ƙauye ba ya so a faɗa, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Zanga-zangar da aka yi a garin Tiruchengode kan Madhorubagan ta sa ya ajiye alƙalami a Janairun 2015, sai da Babbar Kotun Madras ta goya masa baya a 2016 ya koma rubutu.