Batir Ne Ko Altanato? Amsa Ga Mai Kantar Da Ba Ta Tashi Sai An Jona Mata Wuta

Assalamu alaikum Alhaji. Na ga tambayarka: Kantarka da ke ɗauko riɗi daga ƙauyukan Taura zuwa Dawanau ba ta tashi da safe sai an kawo wani batir an jona mata, amma in ta tashi sai ta wuni tana aiki. Direba ya ce batir, yaron mota ya ce altanato, kana son sanin wanne za ka saya. Don Allah kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Na sha ganin an zuba kuɗi a sabon batir, sati guda ya kwanta kamar na da.

Ka ɗauki batir kamar randa, altanato kuma ɗan garuwan da ke cika ta. Ka tashi da safe ka tarar ba ruwa, to ko randar ce ta tsage, ko ɗan garuwa bai zo ba. Kowanne da alamarsa.

Idan batir ne ya gaji, ciwon na safe ne. Mota ta kwana, ga sanyin hunturu, baƙin mai ya yi kauri, injin gas kuma yana son a juya shi da ƙarfi. Ka murɗa makulli sai ka ji kik ya ja da ƙyar sau ɗaya, sau biyu, sannan ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. Amma da rana a kasuwar Gujungu, in aka kashe ta aka yi lodi, tana iya tashi da kanta, don injin da zafi kuma bai daɗe da shan caji ba. Zafin bazara ne ke cinye batir, sanyin Disamba da Janairu yake tona asirinsa.

Idan kuwa altanato ne, abin ba ya zaɓar lokaci. Ko da tsakar rana ka kashe ta, sai an sake jonawa ko an tura. Da daddare a hanya fitila ta riƙa ja tana dushewa, hon ya shaƙe, sau da yawa jar alamar batir tana kunne alhali injin na aiki. Tunda ka ce taka tana wuni lafiya, zuciyata ta fi karkata ga batir. Sai dai kunne ba ya yanke hukunci a nan, mitar auna wuta ce ke yankewa, kuma kowane rewaya na kirki yana da ita.

Ga abin da za a auna. Da safe kafin a taɓa makulli, lafiyayyen batir mai bolt 12 zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2 rabin caji ne, ƙasa da 12 kuwa ya kwanta. Sannan a murɗa makulli ana kallon mita: in ta faɗo ƙasa da 9.6 bayan an tabbatar ya sha caji sosai, batir ya gama yayi. Bayan ta tashi a sake aunawa. Altanato mai lafiya zai ba da 13.8 zuwa 14.4, ko da an kunna fitila. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, ɗan garuwa ne bai zo ba, kuma kafin a kwance shi a duba fanbel, don in ya saki ko ya yi santsi ba zai juya shi yadda ya kamata ba. Idan motarka mai 24 ce, batir biyu a jere, ka ninka lissafin: wajen 25 a kashe, wajen 28 tana aiki. A auna kowane batir shi kaɗai, don ɗaya ne kan fara mutuwa ya ja ɗan'uwansa. In za a canja, a canja duka biyun.

Akwai kuma biyu da suke sa a ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Na farko kan batir, wato inda ake ɗaura masa waya. Kwanaki an kira ni kan wata akori-kura, na ɗaga bonet na tarar da farin gari mai shuɗi-shuɗi ya lulluɓe kan, an cusa ƙusa a gefe don ya kama, ina taɓawa da yatsa yana juyawa. Muka kwance, muka wanke da ruwan kanwa mai ɗumi, muka kankare har dalma ta yi haske, muka ɗaure tam, muka gyara wayar da ke zuwa jikin shasi. Bugu ɗaya ta tashi. Na biyu ɓarawon dare: rediyo ko cajar waya da aka jona kai tsaye a batir, ko altanato da ya lalace ta ciki yana zuƙe wuta mota na kashe. Gane shi ba wuya. Yau da daddare ka sa a zare kan batir na nagatif, mai alamar (-), gobe da asuba a mayar. In ta tashi garau, batir lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ke shan sa.

Abu ɗaya nake roƙonka ka hana: cire kan batir injin na aiki wai don a gwada altanato. Wutar na iya hauhawa ta ƙona shi, injin gas irin na da kuma ko ba caji ba zai mutu ba, don haka gwajin bai nuna komai ba. In ruwan batir ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwa na batir, ban da asid, ban da ruwan rijiya. Kada kuma wani ya matso da sigari lokacin jonawa, iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Wajen kuɗi, altanato sau da yawa gawayinsa, wato 'yan burushin da ke cikinsa, ne ya cinye ko abin da ke daidaita cajin, rewaya zai canja su ba sai ka je Ƙofar Ruwa neman wani ba. Batir da ɗaya daga ɗakunan ruwan da ke cikinsa ya mutu kuwa ba shi da gyara.

Ka sa a yi gwajin daren nan yau, gobe a auna, ka turo min lambobin uku da shekarun batir ɗin. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.