Kilo da lita: saƙo daga Montariyal zuwa ga Yaya a Maraɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan Inna da iyali suna lafiya, ya zafi? Mu nan sanyi ne yake ta gasa mana aya a hannu.

Ka tambaye ni wane aiki nake yi a Kanada, na ce maka a ma'ajiyar mai, kai kuma ka ɗauka irin naka ne na tebur da kwalabe a bakin hanyar Ɗan Isa. Kayan dai ɗaya ne, isansi da gazuwal, amma mu tankoki muke cikawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, na'urar da ke bakin babban bututunmu nauyi take aunawa, wato kilo nawa ke wucewa a minti ɗaya, alhali direban da ya zo lodi lita yake nema a takardarsa. Aikina ya haɗa da mayar da wannan zuwa wancan.

Kai ma ka san asalin abin tun muna yara. Bido mai lita 25 in an cika shi da ruwa kilo 25 ne, in kuwa isansi ne bai kai kilo 19 ba. Shi ya sa mai babur ke ɗaura bido da yawa ya taho da su daga iyaka, da ruwa ne da ƙafar baya ta zauna. Lita ɗaya ta isansi nauyinta tsakanin giram 720 ne da 775, mu ce 750. Saboda haka in na'ura ta nuna kilo 1,500 a minti, sai in raba da 0.75, ya ba ni lita 2,000 a minti. Tan ɗaya lita 1,333 ke nan. Gazuwal ya fi nauyi, wajen giram 840, tan ɗinsa bai wuce lita 1,190 ba. A makona na farko na ninka maimakon in raba, na rubuta 1,125. Dattijon da ke koya mini aiki bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ko a garinmu mai ya fi ruwa nauyi ne. Kunya ta kama ni, amma tun daga ranar ban sake ba.

Inda abin yake da daɗin ji shi ne wannan 0.75 ɗin ba ya zama wuri ɗaya. Isansi yana kumbura da zafi, yana tsukewa da sanyi, kusan kashi 1 cikin 100 a kowane digiri 8. Kilo ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, lita ce take wasa. Ka tuna rigimar da aka yi da direban nan da aka ce ya sha mai a hanya, ya yi ta rantsuwa har da hawaye? Ban ce ba a sata ba, ana yi. Amma ka yi lissafi: a yi wa tanka lodin lita 30,000 a matatar Damagaram man yana digiri 38, ta biyo ta Tasawa ta kwana, a sauke shi a Maraɗi ya sauko digiri 28. Lita wajen 375 sun tafi, bido 15 cur, kuma babu wanda ya taɓa ko ɗigo. Da a kan sikeli aka ɗora motar, da an ga kayan suna nan yadda suke.

A nan sun magance wannan da ma'auni ɗaya. A jikin famfon gidan mai za ka ga an rubuta cewa an daidaita litar a kan digiri 15. Famfon yana auna zafin man da kansa, ya lissafa lita nawa zai kasance da a ce yana kan digiri 15, kuɗin wannan za ka biya. Da farko na ce kai, ga adalci. Da na daɗe sai na lura ƙasar sanyi ce, galibin shekara man bai kai digiri 15 ba, ya tsuke, don haka gyaran mai gidan mai yake wa daɗi. A kawo irin wannan famfo Maraɗi a watan Afrilu, mai saye ne zai ci riba. Ina jin shi ya sa ba za mu gan shi da wuri ba.

Sauran abubuwa kuwa kowa da nasa. A yawancin gidajen mai babu mai zuba maka, kai za ka fito cikin ƙanƙara ka sa kati ka riƙe tiyo da kanka. Isansi iri uku ne a famfo ɗaya, 87 da 89 da 91, wato lambobin da ke nuna ingancinsa. Farashi yana iya canzawa tsakanin safe da yamma, ba kamar gida ba da gwamnati ke yanke shi. Ma'aikatan awo na gwamnati suna duba famfo su manna masa shaida, wannan kam na yaba. Amma ba a sayar da mai a kwalba, ba a bashi, ba a gyara. Ɗan kabu-kabun da ke zuwa wurinka da asuba ya ce a zuba masa lita ɗaya sai yamma ya biya, a nan da ƙafa zai koma gida.

Ga abin da nake so ka yi mini. In an kawo maka kaya, ka ari sikelin masu awon gyaɗa, ka auna bido wofi, ka cika shi daidai lita 25 ka sake aunawa. In man ya ba ka tsakanin kilo 18 da 19, nauyinsa ya yi daidai da na isansi. In ya haura 20, an yi masa haɗi da kananzir ko gazuwal, kada ka karɓa. Kuma ka janye teburin nan daga rana, kwalbar da ba ta rufu da kyau ba tururi take yi, wannan asarar kuwa ta gaske ce, har a kilo.

Ka turo mini abin da sikelin ya nuna ta WhatsApp. A gaida Inna, a ce mata rigar sanyin da ta sa aka saya mini a babbar kasuwa ita nake sawa a ƙarƙashin ta aiki.