New York zuwa Landan da dawowa: nisa ɗaya, lokaci biyu

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya: tikitinsa ya nuna awa 7 daga filin jirgin JFK na New York zuwa Heathrow na Landan, amma dawowa kusan awa 8. Yana so ya san ko hanyar dawowar ce ta fi tsawo.

Malam, tsakanin filayen nan biyu kusan kilomita 5,550 ne, ko daga wane ɓangare ka auna. Iska ce ta kawo bambancin.

Can sama, a tsayin kilomita 9 zuwa 12 inda jiragen fasinja ke bi, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas. Gudunta kan haura kilomita 200 a awa, musamman lokacin sanyi. Shi kuwa jirgi gudunsa wajen kilomita 900 ne. In za a Landan, iskar tana bayansa tana tura shi, matuƙa ma nemanta suke yi su shige cikinta. In za a dawo, gaba da gaba suke haɗuwa, dole a kauce mata ta arewa ko ta kudu, hanya ta ɗan ƙaru. Ka lura da allon da ke bayan kujerar gabanka: a tafiya kana iya ganin gudu ya wuce 1,000, a dawowa ya sauko wajen 800, alhali jirgin ɗaya ne. A kan allon za ka kuma ga layin tafiyar ya lanƙwasa arewa ta gabashin Kanada. Ba ɓata hanya ba ne, duniya ce a mulmule, nan ne yanke.

A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya isa Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Agogo ma yana ruɗa mutane, don Landan tana gaban New York da awa 5. Ka tashi ƙarfe 7 na dare, ka sauka 7 na safe: agogo ya ce awa 12, alhali 7 ka yi. Dawowa ka tashi 12 na rana, ka sauka 3 na yamma, kamar awa 3, ga shi 8 ka shafe a zaune.

Awowin tikiti kuma daga barin ƙofar da fasinja ke shiga jirgi ne zuwa tsayawa a ƙofar da za su sauka, har da layin jiran tashi. Ni dai da ni ne, in akwai wani jirgin da zan kama a New York bayan dawowa, tazara mai yawa zan bari, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.