Lesin ɗin lissafi da ka da na kai 'yata a Tudun Wada

Ni tela ce, ina ɗinki a gida a Tudun Wadar Kaduna, kuma 'yata ta biyu tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Abin da ya sa na nema mata lesin shi ne wata rana da muka je Kasuwar Barci sayen yadi. Mai shago ya ce zai yi mini ragin kashi 15 cikin 100 a kan kayan naira 6,000. Na juya na ce mata, "Nawa ke nan?" Sai yarinya ta hau laluben wayata tana neman kalkuleta. Abin ya tsaya mini a rai har muka dawo gida, domin a makaranta an ce tana cin lissafi.

Wata maƙwabciyata ce ta yi mini kwatancen wurin. Wani malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ya mayar da zauren gidansa aji, yana koyarwa Asabar da Lahadi bayan la'asar. Naira 5,000 nake biya a wata, yanzu wata uku ke nan.

Ranar farko na zauna a bakin ƙofa don in ga kamun ludayinsa. Malam ya sa kowa ya kife littafi, ya ajiye biro. Ya ce kafin a taɓa kowace tambaya, a fara nemo kashi 10, wato a raba kuɗin gida goma, in akwai sifili a ƙarshe a cire sifili ɗaya. Daga nan komai ke fita: rabinsa kashi 5, ninkinsa kashi 20. Na ba shi labarin kasuwa, sai ya jefa wa 'yata tambayar nan tawa. Ta yi shiru, can ta ce 600, ta ce rabinsa 300, ta haɗa ta ce 900. Ya ce, "To, gaya wa Ummanki nawa za ta biya." Ta dube ni ta ce, "Umma, 5,100." Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda yake ɗauko misalansa. Ba ya fara da Turancin littafi. Zakka yake kawowa, wadda yaran suka riga suka ji a Islamiyya: manomi ya samu buhu 40 na masara da ruwan damina, ushiri nawa zai fitar? Buhu 4. In kuwa da injin ban ruwa ya noma, rabin haka, buhu 2. Sai ya ce musu to ai kashi 10 da kashi 5 ke nan kuka yi ba ku sani ba. Zakkar kuɗi kuma ɗaya bisa arba'in ce, kashi 2.5, wato rabin kashi 5. Da wannan ya hau kan harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a shekarar 2020. A kan naira 20,000, kashi 10 shi ne 2,000, rabinsa 1,000, rabin wannan 500, a haɗa biyun ƙarshe a samu 1,500. Yara 'yan shekara goma sha biyu suna yin wannan da ka, hannu a kan cinya.

Akwai dabarar da ni kaina ban taɓa ji ba: ana iya juya lambobin. Kashi 18 na 50 daidai yake da kashi 50 na 18, amsa 9. Na gwada da wasu lambobi a gida da dare, kullum sai ta fita.

Sannan yana dagewa a kan tarkon da ke kama manya ma. Turmin atamfa yana 10,000, aka ƙara kashi 20 ya koma 12,000, daga baya aka rage kashi 20. Duk ajin suka ce ya dawo 10,000. Bai ce musu a'a ba, sai ya tambaya, "Kashi 20 na wane kuɗi?" Aka daɗe ana gardama kafin wani yaro a baya ya ce 9,600, saboda ragin a kan 12,000 aka yi shi. Tun daga ranar 'yata ba ta fara lissafi sai ta tambayi kanta mene ne uwar kuɗin.

Akwai abin da bai yi mini ba. Zauren ya yi wa yaran kaɗan, sun kusa talatin a kan benci huɗu, in an ɗauke wuta zafi ya ishe su. Wani lokaci kuma yakan ja su har gab da magariba, ni kuwa ba na son 'ya mace ta hau Keke da duhu. Babban damuwata ita ce jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, da za ta rubuta baɗi a aji uku: tambayoyin da Turanci suke zuwa, kuma ana son a nuna yadda aka bi aka samu amsa a takarda. Malam ya fi ba da ƙarfi a kan Hausa da lissafin ka, rubutun yana zuwa a minti goman ƙarshe a gurguje. Na same shi na faɗa masa. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Hajiya, gaskiyarki ne," kuma yanzu ya ware ranar Lahadi don tsofaffin takardun jarrabawa.

Duk mai yaro a ƙaramar sakandare da ya tambaye ni, zan ce ya kai shi, amma ya je da wuri ya kama bencin gaba. Na riga na biya kuɗin wata na huɗu. Ɗinkin sallar da ke tafe ma na ƙara kashi 25 a kan kuɗin aiki saboda tsadar zare da man janareta, kuma 'yata ce ta zauna kusa da kekena tana faɗa mini sabon farashin kowace riga ina rubutawa.