Shekara ɗaya da anti-bairos na kuɗi a shagona

Shagon buga takardu gare ni a Maigatari, kwamfuta uku da firinta ɗaya, duk a haɗe da juna. Ranar Alhamis, da kasuwa ta cika, filash sai ta bi ta hannuna ba adadi. Bara wani malamin makaranta ya kawo tasa a buga masa tambayoyin jarrabawa. Na soka, kafin la'asar duk ayyukana sun ɓace, sai wasu ƙananan alamomin fayil masu 'yar kibiya a gindinsu. Ashe bairos ɗin ɓoye fayil yake yi, ba gogewa ba, amma a lokacin wa ya sani? Na kwashi kwamfuta zuwa Gumel, mai gyara ya wanke ta tas, har da littafin masu bashi.

Zafin wannan ne ya sa na sayi lasisin anti-bairos na shekara na kwamfuta uku, kuɗin da ya kai cinikin kwana huɗu. Gaskiya yana aiki. Da an soka filash mai cuta zai yi tsalle ya kama, kuma tun daga nan ban sake ganin kibiyar nan ba.

Abin da mai sayarwa bai faɗa mini ba shi ne cin data. Kullum sai ya sabunta kansa, ga sabis ɗinmu da sai ka ɗaga waya sama. Tsohuwar kwamfutar da ke bakin ƙofa kuwa, idan ya fara bincike, sai ta yi ta nishi kamar jakin da aka yi wa lodi, kwastoma na tsaye, batirin sola na zuƙewa.

Windows 10, manhajar da kwamfutocina ke aiki da ita, na zuwa da nata anti-bairos, Microsoft Defender, kyauta, da na sani tun farko da na fara gwada shi. Sai dai tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, kwamfutocina kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba. Wannan ya fi damuna, don bairos ɗin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a 2017 ta kwamfutocin da ba a sabunta ba ya bi, daga wannan zuwa waccan.

Bana kwamfuta ɗaya zan biya wa, wadda ke karɓar filash, na kuma raba ta da sauran. Ragowar kuɗin na sayi ma'ajiyar fayil, wato hadis na waje, duk daren Alhamis ina kwafe aiki a kai, na zare shi na tafi da shi gida.