Tiggo 7 Pro a hannun bakaniken Ƙofar Ruwa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, dala kuma ta yi tashin gwauron zabi, tambayar da ake kawo mini gareji ta canza. A da mutum zai zo ne ya ce in raka shi mu duba 'yar Kwatano, Camry ko CR-V. Yanzu da kuɗin tsohuwar RAV4 mai tsafta ya fara kusantar na sabuwar motar Chaina, sai ka ji ana cewa, “Oga, tsakaninka da Allah, jif ɗin Chainan nan ta saye ce?” A kan Peugeot 504 na koyi kanikanci a Ƙofar Ruwa da ke Kano, na zo na ƙware a Honda da Toyota, don haka ba ni da wani dalilin yi wa Chery, kamfanin Chaina mai ƙera Tiggo, talla. Amma akwai Tiggo 7 Pro ta wani kwastomana, ɗan kasuwar Kwari, wadda nake yi wa sabis tun da garantinta ya ƙare, na kuma tuƙa ta a cikin gari da kan titin Zariya. A kanta zan yi magana. Mota ce mai kyau, ta fi yadda ake zato nesa ba kusa ba, sai dai ba ta jure irin riƙon da muka saba yi wa mota a garin nan.

Masu cewa araha ba ta ado suna da hujjarsu, domin sun ga Tiggo ta farko. A 2005 ta fito, kuma duk wanda ya san RAV4 ta wancan zamanin, idan ya hango ta daga nesa sai ya ɗauka ita ce: tayar safaya a goye a ƙofar baya, ƙofar tana buɗewa gefe, tsayi da faɗi duk kusan ɗaya. Injin ma ba nasu ba ne. Na Mitsubishi ne, 4G63 da 4G64, irin waɗanda ake haɗawa a Shenyang. Mu a nan wannan ya yi mana daɗi, don mun san injin tun a motar Mitsubishi Galant, kayansa ba sa wahalar samu. Sauran jikin ne ya nuna cewa kamfanin yana koyon aiki: roba mai tauri a ciki, fenti marar kauri, wayoyi sirara. Duk da haka ta zaga duniya. An haɗa ta a Masar da sunan Speranza, a Italiya kuma aka sayar da ita da sunan DR5.

Ba abin mamaki ba ne idan aka duba shekarun kamfanin a lokacin. A 1997 aka kafa Chery a birnin Wuhu na lardin Anhui, da hannun gwamnatin yankin, aka ɗauko injiniya Yin Tongyue daga kamfanin motoci na FAW-Volkswagen. Motarsu ta farko ta fito a watan Disamban 1999, a kan ƙirar SEAT Toledo ta Sifaniya. A 2001 suka fara fitar da mota waje, zuwa Siriya. Wato ko shekara shida ba ta cika ba tsakanin motarsu ta farko da Tiggo. Yaron da ya yi shekara shida a gareji ma bai gama sanin hannunsa ba.

Abin da ya sa nake ganin girmansu shi ne ba su zauna a kan kwaikwayo ba. Sun haɗa kai da kamfanin AVL na Ostiriya suka ƙera injinansu da suka sa wa suna Acteco, suka daina dogaro da na aro. A 2012 suka ƙulla haɗin gwiwa da Jaguar Land Rover, ana haɗa motocin kamfanin a Changshu. Kada dillali ya ruɗe ka da wannan, Tiggo ba Land Rover ba ce, amma wanda ya yi aiki kusa da gwani dole ya ɗauki wani abu. Tiggo 5 ta zo a 2013, Tiggo 7 ta farko a 2016 a kan sabon shasi nasu mai suna T1X, Tiggo 8 mai layin kujeru uku a 2018. A 2020 aka fara sayar da Tiggo 7 zubi na biyu, ita ce ake kira 7 Pro a ƙasashen waje. Ka ajiye ta kusa da ta 2005, sunan kaɗai ya haɗa su.

Ranar da na fara ɗaga bonet ɗin 7 Pro ɗin kwastomana na daɗe ina kallo. Inji ne mai silinda huɗu, lita 1.5 da turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ƙarfinsa wajen doki 145. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, tof silinda kuma alminiyam. Taimin ɗin sarƙa ce, ba bel ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne injektocin: a hanyar shigar iska suke fesa mai, ba kai tsaye cikin silinda ba. Irin wannan tsarin ya fi haƙuri da fetur ɗin da ba ka da tabbacin daga ina aka ɗebo shi, kuma wanke injektan ba ya buƙatar wasu kayan aiki na musamman. Wayoyin an naɗe su an ɗaure a inda ya dace, soket-soket ɗin suna kamawa ƙam. Na shiga rami na duba ƙasa, ƙafafun baya kowacce cin gashin kanta take yi, ba gatari ɗaya ya haɗa su ba. Shi ya sa idan ka bi ramukan cikin Kurna ko Rijiyar Lemo bayan ruwan sama, na kujerar baya ba ya cin wuya kamar yadda zai sha a ƙaramar mota.

A tuƙi kuwa giyar ce za ta raba ra'ayin mutane. CVT ce, ba ta da haƙora irin na giyar da muka saba, bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa. A go-sulon Titin Murtala Mohammed, tsakanin 'yan adaidaita sahu, lafiya lau take, ba fizga, ba jijjiga, kuma birkinta na hannu na lantarki ne mai riƙe motar da kansa idan ka tsaya. A babban titi ne sai ka koyi halinta. Idan za ka wuce tirela bayan Kura, ka taka totur, injin zai fara ɗaga murya kafin gudun ya biyo baya. Jinkirin ɗan kaɗan ne, amma wanda ya sauko daga mota mai injin V6, mai silinda shida, zai ji shi, don haka ka ba kanka fili. Tayoyin gaba kaɗai ke ja. Tsayinta daga ƙasa ya isa hanyar ƙauye da rani, amma ba motar shiga taɓo ko yashin rafi ba ce.

Ciki akwai yalwa. Tsawonta mita huɗu da rabi ne, mutum uku manya za su zauna a baya da manyan riguna ba tare da gwiwa ta tokari kujera ba, but ɗin kuma na ga Alhajin mai motar ya jera masa bandiran shadda ya rufu. Esi ɗinta na kamawa da wuri ko a zafin watan Afrilu. Rufin gilashin nan mai faɗi ne ban ga amfaninsa a Kano ba, labulensa a ja yake wuni. Kyamarorin da ke nuna maka kewayen motar kuwa suna da rana a lungunan cikin Birni.

Inda matsalar take, a wajenmu take, mu masu gyara, kuma wannan ne ya sa na zauna rubutun nan. Kwanakin baya aka jawo mini wata irinta da igiya, wutar cek inji a kunne. Na buɗe murfin ruwa na ga ja-ja-ja da tsatsa, ruwan rijiya aka yi ta ɗura mata maimakon kulan. An cire tamostat, wanda ke daidaita zafin injin, an jefar, an haɗa fanka kai tsaye da batir, wai don kada ta yi zafi. Na zare filtar iska na buga ta a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi har yaran shago suka ja baya. Na ce da mai ita, “Alhaji, wa ya taɓa maka motar nan?” Ya ce, “Wallahi Oga, wani yaro ne a unguwarmu, shi yake duba mini tsohuwar Hondata.” To tsohuwar Honda tana yafe irin wannan, mai turbo ba ta yafewa. Turbo yana juyawa da gudun da ya wuce sau dubu ɗari a minti, baƙin man injin ne yake sanyaya shi yana kuma shafe shi. Ka zuba masa na kwalba da ake aunawa a bakin titi, ka kashe shi da hannunka. Haka giyar: man da ake zuba mata daban ne, wanda ya zuba mata man giyar atomatik na gama-gari ya sa bel ɗin zamewa, gyaransa kuma ba na ƙananan kuɗi ba ne. Kwamfutar motar tana lissafi da zafin injin, idan babu tamostat sai ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai, mai mota ya koma yana cewa motar Chaina shan mai gare ta.

Kayan gyara ma sai an yi shiri. Na Corolla ko a tsakar dare ka aika yaro cikin kasuwa zai dawo da shi, sabo ko Beljiyam. Na Tiggo kuwa, filta da fulogi da takalmin birki ana samu, amma fitila, madubin gefe, bamba ko sensa yawanci sai an yi waya Legas. Wanda motarsa ɗaya ce, da ita yake kai yara makaranta ya wuce kasuwa, ya sa wannan a lissafi. Haka ranar sayarwa: dillalan Kano har yanzu Toyota suke yi wa ciniki da daraja, mai Chery zai yi asarar da ta fi ta mai RAV4.

Wanda zai saye ta sabuwa daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya karɓi takardar garanti a rubuce, ya tambayi inda za a riƙa yi masa sabis kafin ya biya, ya kuma yi niyyar riƙe ta shekaru, ni ina ba shi shawarar ya saya. Wanda zai sayi ta hannu kuma, kada ya biya sai an sa mata kwamfuta an karanta, an duba launin ruwan lagireto da na man giya, an tabbatar tamostat yana nan, sannan a hau titin Zariya da ita a taka sosai a ji ko giyar tana zamewa. Idan mai ita ya kasa nuna takardun sabis, a bar masa kayarsa.